Danjar Hagu da Muciyar Tuwo

A cikin fitilun da ke jikin mota, babu wadda ta kai danjar birki wuyar dubawa ga mutum shi kaɗai. Fitilar gaba kana ganin haskenta a kan kwalta. Sigina kuwa, idan kwanta ɗaya ya ƙone, ƙararta takan ƙara sauri, kunnenka ya ba ka labari. Ita danjar birki ba ta kamawa sai ƙafarka na kan birki, idan kuma ƙafarka na kan birki to kana kujerar gaba, ita tana can baya tana yi wa mutane magana a madadinka. A gida wannan ba abin damuwa ba ne. Ka leƙa ta taga ka ce da yaron da ke wucewa, "Kai, zo duba mini baya," shi ke nan. A Manchesta ba ka da yaron aike, maƙwabcinka ma sai ku yi wata guda ba ku haɗu ba. Mutum na iya yin makonni yana yawo da matacciyar fitila bai sani ba.

Ni ɗalibar digiri na uku ce, kuma kamar da yawa daga cikin masu karanta wannan, bizar karatu ta yarda mini da aikin awa 20 a mako, ba ƙari, muddin ana cikin zangon karatu. Waɗannan awanni ina yin su ne a aikin kula da tsofaffi a gidajensu: in ba wannan magani, in ɗumama wa waccan abinci, in taimaka wa wani ya kwanta. Gida biyar ko shida a yammaci ɗaya, a warwatse tsakanin Oldham da kewayenta, kowanne da lokacin da aka rubuta za ka iso. Da bas aikin ba ya yiwuwa. Kuɗin hayata da na cefanena duk a kan tayoyin wata ƙaramar mota ƙirar 2006 suke tafiya, mai ƙofa biyar, wadda na saya fam 900 bayan ta wuce ta hannun mutum uku. Ɗayansu ya taɓa sa mata ƙugiyar jan tirela a baya. A riƙe wannan ƙugiyar, za mu dawo kanta.

A Ingila duk motar da ta haura shekara uku sai ta yi gwajin MOT kowace shekara, kamar yadda 'yan uwa da ke Saudiyya suka san Fahas. Kuɗin gwajin ba ya wuce fam 54.85, doka ce ta ƙayyade haka, amma abin da ke cin mutane shi ne gyaran da ke biyo bayan faɗuwa. Danjar birki ɗaya idan ba ta aiki, faɗuwa ce. Idan duka sun mutu, sai a rubuta wa motar cewa tana da haɗari, ba ma a so ka tuƙa ta zuwa gida. Tuƙi ba takardar gwaji kuma tararsa na iya kaiwa fam 1,000. Takardata za ta ƙare a farkon Disambar 2024.

A tsakiyar Nuwamba, wajen ƙarfe shida na yamma, wani direban motar kaya ya tsaya a gefena a kan danjar hanya, ya yi mini alama in sauke gilashi. Ya ce yana bina tun daga kan M60, kuma duk lokacin da na taka birki, ɓangaren hagu na bayan motar yakan dushe maimakon ya ƙara haske. Na yi masa godiya, amma gabana ya faɗi. Wanda ya san M60 da yamma, cikin ruwa, motoci na gudun mil 70 a awa sannan kowa ya tsaya cak saboda cunkoso, ya san abin da nake nufi. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, wato duk aikina a cikin duhu nake yin sa.

Washegari da rana na juya bayan motar ga gilashin wani shago da ke rufe, na taka birki ina kallo ta madubi. Dama ta kawo, ta sama ta kawo, hagu ma ta kawo. Ba ta kai ta dama haske ba, amma dai ga ta nan ja. Na kira wani gareji, suka ce matsalar waya ba ta da farashi, sai an bincika, kuma binciken fam 60 ne a awa, ba su san awa nawa zai ci ba. Mafi ƙarancin albashi a lokacin fam 11.44 ne a awa, shi ake biyana. Awa ɗaya tasu ta fi awa biyar tawa. Ban ga laifinsu ba, haya suke biya su ma. Sai dai ni ba ni da shi.

Ƙanen mahaifiyata mai rewaya ne a Kaduna, ya fi shekara talatin yana sana'ar a kusa da Panteka. Na kira shi ta WhatsApp, muka gaisa, ya tambayi sanyi da karatu, sannan na karanta masa abin da ke faruwa. Na ce ina tunanin in sayi sabon kwai da sabon fiyus.

Ya ce, "Dakta, kada ki sayi komai tukuna." Tun ranar da na fara wannan digirin yake kirana Dakta, don tsokana. "Wuta 'yar aike ce. In ta fita daga batir, dole ta koma batir. Ku masu mota kullum hanyar zuwa kuke dubawa. Ki duba hanyar dawowa."

Sai ya fara yi mini tambayoyi irin na likita, kuma a cikin tambayoyin ne na fahimci tsarin abin. Wutar birki tana tasowa daga batir ta bi ta fiyus, ta zo ga wani ɗan makunni da ke maƙale a saman fedar birki, inda ba ka ganinsa sai ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin sitiyari. Ka taka, makunnin ya haɗa, wuta ta bi waya zuwa baya ta rabu uku: hagu, dama, da ta sama. Tun da fiyus ɗaya ne makunni ɗaya ne, da ɗayansu ne ya lalace da fitilun uku duk sun mutu tare. Nawa biyu lafiyarsu ƙalau. Da wannan kaɗai, ban taɓa ko sukundireba ba, rabin motar ya fita daga zargi. Ya ƙara da cewa idan wata rana na ga danja ta ƙi mutuwa bayan na ɗage ƙafa, har ta shanye batir da dare, to makunnin ne ko ɗan robar da ke danna shi ya farfashe saboda tsufa. Idan kuma fiyus na ta ƙonewa, waya ce ta goge a wani wuri tana taɓa bodi.

A nan sai da muka ɗan yi musu. Na ce masa ai na sha ganin 'yan rewaya a gida suna naɗe ƙonannen fiyus da siririyar waya su mayar, ko su cire ja mai lamba 10 su sa rawaya mai lamba 20 don kada ya sake ƙonewa. Ya yi dariya ya ce mai mota ne ba ya son biyan kuɗin bincike. Ni dai har yanzu ina ganin wannan ɗabi'a ba ta da kariya. An yi fiyus ne don ya mutu a madadin wayar. Ka hana shi mutuwa, wayar ce za ta yi zafi a cikin kujeru da kafet, inda ba wanda ke gani. Amma su ma na nan ba su tsira daga bakina ba: abu kaɗan sai a ce a canza fitilar gaba ɗayanta, a jefar da tsohuwar, alhali ƙila tsatsa ce ta kwabo biyu.

Tambayar da ta buɗe maganar ita ce da ya ce, "Da kika gwada, fitilun mota a kunne suke ko a kashe?" Na ce a kashe, rana ce. Ya ce in jira duhu, in kunna su, in sake gwadawa.

Saura wanda zai taka mini birki. Na shiga kicin na ɗauko muciyar da na taho da ita daga gida a ƙasan akwati. Na tokare kanta ɗaya a fedar birki, ɗayan a gaban kujera, na turo kujerar gaba har ta danne. Duk wanda ke zaune shi kaɗai a ƙasar waje ya riƙe wannan dabarar. Sandar mofa ko lema mai tsawo ma za ta yi. Wasu motocin sai an murɗa makulli danjar birki ke kamawa, wasu ko ba makulli, don haka a murɗa shi zuwa inda fitilun dashbod ke kawowa. Na kunna ƙananan fitilu, na zagaya baya kafin in sa muciyar: ja biyu, daidai wa daida. Na sa muciyar na dawo. Dama ta haske tar. Hagu ta dushe kamar garwashin da aka yayyafa wa ruwa, siginar hagu kuma, wadda ban taɓa ba, ta ɗan yi wani haske mai rauni. Na juya masa kyamara ya gani. Ya ce, "Shi ke nan. Nagetif ɗinki ne."

Na ɗauki kwana biyu ina juya wannan a kaina kafin ya zauna, kuma shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa a duk lamarin. Kwan da ke bayan irin waɗannan tsofaffin motoci zare biyu ne a cikinsa. Ɗaya mai kauri, wat 21, na birki. Ɗaya siriri, wat 5, na fitilar dare. A jikinsa za ka ga an rubuta P21/5W, a shagunan Ingila kuma lamba 380 ake kiransa. Kowane zare da wayar da ke kawo masa wuta, amma hanyar fita ɗaya suke da ita: gwangwanin ƙarfen kwan, daga nan zuwa wata waya da aka ɗaure da noti a jikin bodi. Ƙarfen motar gaba ɗayansa shi ne hanyar komawa batir, shi ya sa ba a jan waya ta biyu daga kowace fitila zuwa gaba.

To idan wannan ɗaurin ya yi tsatsa, wutar ba ta haƙura ta zauna. Da rana, ka taka birki, ta shiga ta zare mai kauri, ta tarar ƙofar fita a toshe, sai ta bi ta siririn zaren da baya-baya, ta bi wayar fitilar dare ta tsallaka ɓangaren dama, ta fita ta can. A hanyarta siririn zaren ya yi ja. Kai da ke kallo ta gilashin shago sai ka ce danja na aiki, alhali ba zaren birki ne ke haske ba. Da dare kuwa wayar fitilar dare ita ma cike take da volt 12. Wuta ta nan, wuta ta can, ba gangare, kamar randa biyu da ruwansu ya zo daidai: babu wadda za ta zuba a cikin 'yar uwarta. Sai fitilar ta dushe, ɗan abin da ya rage ya lallaɓa ta kwan sigina. Ma'ana, motar tana nuna lafiya a lokacin da kake duba ta, tana kuma ɓoye kanta a daidai lokacin da na bayanka ya fi bukatar ganinta. Da na sayi kwai goma da duk haka za su yi.

Kawu ya so in haɗa abin gwaji irin nasa, kwan fitila da waya biyu. Ni kuwa na riga na sayi mita ta fam 12. Ya raina ta. Ya ce mita maƙaryaciya ce, za ta nuna maka volt 12 ko da silin waya ɗaya ne ya rage a raye, don ita ba ta jan wuta; kwai kuwa sai hanya na da kyau yake haske sosai. Gaskiyarsa ne, zaren birki ɗaya yana jan kusan amfiya biyu, mita kuwa kusan ba ta jan komai. Amma akwai yadda ake sa mita ta faɗi gaskiya, wato a auna alhali fitilar na kunne tana jan wutarta. Sannan a sababbin motoci masu kwamfuta ko'ina, cusa kwan gwaji a wayar da ba ka sani ba na iya jawo asara. Tawa dai tsohuwa ce, ko wanne zai yi.

Ranar Asabar da safe, cikin rigar sanyi biyu, na buɗe but na cire murfin da ke bayan fitilar hagu. Muciya na bakin aikinta. Na sa mita a kan volt 20, baƙin tsinke a kan wani noti mai tsabta a jikin bodi, jan tsinke a kan wayar nagetif ta fitilar. Idan hanya lafiya take, abin da za ka gani bai kamata ya wuce ɗigo ɗaya ko biyu bayan sifili ba. Na ga bakwai da 'yan kai. Na ɗauko guntuwar waya na haɗa daga nan zuwa wannan notin, sai fitilar ta haske har ta ba ni tsoro, sigina kuma ta mutu. Ban san lokacin da na yi guɗa ba, a wajen ajiye motoci, wata tsohuwa mai yawo da kare ta juyo tana kallona.

Gano cutar ya fi gano wurinta sauƙi. Wayar ta shige bayan kafet ɗin gefen but, sai da na ɓalle maɓallan roba guda shida, biyu suka karye don sanyi ya busar da su. A ƙasa na tarar da danshi. Robar da ke tsakanin fitila da bodi ta tsufa ta tsage, ruwa na ɗiga a hankali, ga kuma gishirin da ake watsawa a tituna lokacin hunturu don kada ƙanƙara ta kama. Ruwan gishiri da ƙarfe kuwa kowa ya san ƙarshensu. Wannan ce cutar motocin ƙasar nan. Namu na gida ƙura da zafi da ramuka ke kashe su, na nan daga ƙasa suke ruɓewa. Notin da ya riƙe wayar ya zama ja-ja, zoben da ke bakin wayar kuma ya yi kore kamar tsohuwar tukunyar tagulla.

A nan ne kuma ƙugiyar tirela ta dawo. Wanda ya sa ta ya ɗebi wuta daga wayoyin fitilar hagu da wasu 'yan maƙalai na roba shuɗaye, irin waɗanda ake matsewa da filaya haƙorinsu ya huda rigar waya. Aikin minti biyar ne ga mai sawa, amma kowace huda ƙofa ce ga danshi. Guda huɗu na ƙirga. Da na buɗe na kan wayar birki, rabin silin tagullar ya yanke, sauran ya yi baƙi. Wannan bai kai ga kashe fitilar ba tukuna, amma yana hanya. Na nuna wa Kawu, ya yi tsaki ya ce ashe Turawa ma suna aikin ganin ido.

Gyaran kansa ba shi da wani labari. Na cire kan batir na nagetif da sifana lamba 10 kafin in yanka komai. Mai tsohuwar mota ya tabbata yana da lambar sirrin rediyonsa kafin ya yi haka, don wasu rediyoyin sukan kulle idan wuta ta yanke. Na goge wurin notin da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, na yanke bakin wayar zuwa inda tagulla ke sheƙi, na matse sabon zobe, na ɗaure tamau, na shafe da basilin don iska da ruwa kada su samu shiga. Wayoyin tirela na cire su duka tun da ba abin da zan ja. Inda suka huda na yanke na haɗa da 'yan bututun haɗi masu rigar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Kawu ya ce shi da murɗawa zai yi ya naɗe da baƙin salatif, kuma zai shekara goma. Na ce a Kaduna zai shekara goma.

Tun da na riga na buɗe, na zare kwan na duba ƙafafunsa. Kwai mai zare biyu 'yan ƙusoshin gefensa ba a layi ɗaya suke ba, ɗaya ya fi ɗaya tudu, don kada ya shiga a juye. Akwai wani mai kama da shi sak, lamba 382, mai zare ɗaya da ɗigo ɗaya a gindi. Mutane kan tura shi da ƙarfi a ramin mai zare biyu, ɗigon nan ya haɗe wayoyin biyu, sai ka taka birki fitilun dashbod da ƙananan fitilun gaba su kama. Duk wanda motarsa ke wannan abin al'ajabi, kafin ya zargi aljanu ya zare kwan ya ƙirga ɗigon da ke gindinsa. Nawa daidai yake, na mayar da shi. Na kuma leƙa robar nan mai kama da maƙogwaro da ke ɗauke da wayoyi daga rufin mota zuwa ƙofar but, don buɗewa da rufewa na shekaru kan karya wayar danjar sama a cikinta. Rigar ɗaya ta fara tsagewa, na naɗe ta.

Da na mayar da batir na sake aunawa, mita ta nuna 0.04. Da magariba na kunna fitilu, na sa muciya, na tsaya a baya na daɗe ina kallo, ja uku, babu mai rinjayar wata. Duk abin da na kashe, har da mitar da sabuwar robar fitila da na samu a wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, bai kai fam 30 ba. Yatsuna kuwa sai da na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su dawo nawa.

Ana iya kai mota gwaji tun saura wata guda ba kwana ɗaya takarda ta ƙare, ba tare da an yi asarar ranakun da suka rage ba, don haka na kai ta a makon ƙarshe na Nuwamba, in bar wa kaina sarari ko da wani abu zai ɓullo. Ta wuce. Sun rubuta mini gargaɗi biyu, tayar gaba ta fara cinyewa a gefe, da tsatsa a bututun hayaƙi. Waɗannan na baɗi ne, ko kuma na wata mai zuwa idan an biya mu kuɗin aikin Kirsimeti.

Na tura wa Kawu hoton takardar. Bai ce komai a kanta ba sai da muka gama gaisawa da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Dakta, wannan mitar taki, nawa kika ce kin saye ta?" Na faɗa masa. Ya yi shiru yana lissafi da naira. Ya ce idan an samu mai zuwa Kaduna kafin azumi, a taho masa da guda biyu, ɗaya tasa ɗaya ta babban yaronsa na shago, amma in duba wadda take ƙara idan waya ba ta yanke ba, don idonsa ya fara gajiya da ƙananan lambobi.